Na Gama Da Shi

Neman kuskuren mutane shi ne aikina har na yi ritaya. A maɗaba'ar da na tsufa a cikinta, duk takardar da za ta shiga inji sai ta bi ta teburina. Ni ke gano harafin da ya juya, da waƙafin da ya ɓata hanya, da ƙaramar kalmar da ta faɗi tsakanin layi biyu ba wanda ya lura. Jan Biro ma'aikata suke kirana a bayan idona, daga baya suka daina wahalar ɓoyewa. Ban taɓa rubuta ko gajeren labari ba. Marubuta su yi ɓarna, ni in share, sunansu ya fito a bango.

Abin da nake karantawa don kaina kuwa iri ɗaya ne, littattafan da wani yake yi wa wani ƙarya. Mutumin da ya ɗauki sunan mamaci ya shiga gari da shi, matar da ta ƙwallafa rai a kan maƙwabcinta har ta san lokacin da yake kashe fitila, likitan da ba likita ba. Sun cinye bango biyu na falona. Matata ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Takan goge su da tsumma ta ce, "Malam, gidan nan cike yake da maƙaryata. Ni kaɗai ce mai gaskiya, kuma ni ce ba a saurara."

Da ta rasu, mutane suka zo suka yi abin da ake yi suka watse. Yaran suka koma gidajensu. Auta ce kawai take kira kullum ta tambayi ko na ci abinci, in ce na ci, ta san ƙarya ne, mu yi sallama. Kafin shekara ta zagayo duk wandunana sun zama na wani mutum mai ƙiba da ban sani ba. Ranar da ɗaya ya nemi ya zame mini a layin banki, na naɗe shi a leda na nufi shagon Tela.

Shagon yana ƙarshen layinmu, tsakanin kantin magani da mai gyaran agogo. Tela mace ce, ita ke yi wa marigayiya ɗinki, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Ɗaki ne ƙarami. Baƙin keken ɗinki mai feda a bakin ƙofa inda haske yake, benci ɗaya, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, sai kanta cike da yadudduka a naɗe har kusa da rufi. A kan teburin keken akwai ɗan matashi da aka soke da allurai a jere, kowace da zarenta a ciki.

Ta zare wandon ta shafa ƙugunsa da yatsu.

"Malam, wannan wando ne ko buhu?"

"Da dai wando ne."

"Allah ya jiƙan mai ciyar da kai. Ga tef, zagaya da kanka ka faɗa min lambar."

Na ɗauka kunya ce ta mace da ba ta son auna namiji. Na auna na faɗa, na zauna a benci na buɗe littafin da ke aljihuna. Keken yana ta ƙara. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Me ake ciki a nan?"

Amsata ga wannan tambaya a ko da yaushe ita ce, labari ne. Amma rabona da in yi magana da wani fiye da gaisuwa har na manta. Sai na ji bakina ya buɗe. Na ba ta labarin malamin makarantar da ya gane cewa sabon abokin aikinsa yana kwaikwayonsa kaɗan-kaɗan, yau irin takalminsa, gobe irin tarinsa, jibi ya gaida matarsa da sunan da shi kaɗai yake kiranta. Da na zo dab da ƙarshe na yi shiru. Keken ma ya tsaya.

"Sai me ya faru?"

"Ba na faɗa wa wanda bai karanta ba ƙarshen littafi. Sata ce."

"To, ara min."

Da sati ya zagayo na koma da wani wandon. Littafin yana jirana a naɗe cikin ƙyallen atamfa, an ɗaure da zare. Ta miƙo mini ta ce, "Ga littafinka, na gama da shi."

"Ya kika ga ƙarshen?"

"Kai dai bari, Malam. Kai ya ka gan shi?"

Ba a taɓa yi mini tambayar da nake so kamar wannan ba. Na gyara zama na warware mata ƙarshen kaf, inda marubucin ya yi daidai da inda ya yi ha'inci, da alamar da ya binne tun farko wadda ni na gano kafin in kai rabi. Tana ɗinki tana cewa "ikon Allah," wani lokaci ta ce, "Ai ni tausayin matar nake ji." Na koma gida ina cewa a raina, ashe akwai mai basira a layin nan.

Haka muka ɗora. Wando ɗaya nake kaiwa kowane sati, ko da yake zan iya kwashe su duka a tafiya guda. Da wanduna suka ƙare na koma riguna, da riguna suka ƙare na cire labulen falo. Akwai maɓallin da ni na yanke shi da reza. Kowane zuwa in ba ta labarin sabon littafi har bakin ƙarshe in tsaya, ta karɓa, sati na gaba ta ce ta gama da shi, in buɗe mata sauran.

Na tsara mata karatun kamar yadda likita yake tsara magani. Na fara da masu sauƙi, waɗanda mugun yake da tabo a fuska don kada mai karatu ya wahala. Daga nan na ba ta na matar da ta kama ɗaki a benen da ke kallon tagar tsohon mijinta, ta shekara tana gyara masa rayuwa daga nesa bai sani ba. Na ce mata wannan ba a karanta shi da sauri, don ba abin da ke faruwa a ciki sai a kan matar. Na ba ta na 'yan'uwan nan biyu da ɗaya ya je jarrabawa a madadin ɗaya, aka wayi gari aiki da mata da 'ya'ya duk suna kan sunan da ba nasa ba. Na hana ta masu jini da yawa. Marubucin da ya rasa dabara ne yake kashe mutum kowane babi.

"A irin waɗannan littattafai," na ce mata wata rana, "doka ɗaya ce. Kada ki yarda da mai ba da labarin."

"Har da kai?"

"Ni ba na ƙirƙira. Gyara kawai nake yi."

"Ni ma haka," ta ce, ta gutsure zare da haƙori.

Ba ta cika kallona kai tsaye ba. Takan ɗan karkata kai ta dube ni ta gefen ido, kamar tana kallon wani abu a bayan kunnena. Wannan ma na sa shi a lissafin kunya, kuma ya yi mini daɗi. Tun ina nesa, da na yi gyaran murya, za ta ce, "Jan Biro ya iso, kowa ya gyara bakinsa."

Auta ce ta fara ganewa.

"Baba, muryarka ta canza."

"Mura ce."

"Murar nan ba ita ce mai shago a ƙarshen layi ba?"

"Ke da wa kuke wannan magana?"

"Ni da labulen falo. Baba, in kana so ka faɗa mata. Wallahi ni zan fi kowa murna, ko ba komai in huta da tambayar abinci."

Gaskiya ta faɗa. Na riga na yanke a raina zan tambayi Tela ko za ta aure ni. Kalmomin nake ta gyarawa, yau in cire wannan, gobe in mayar. Har kujerar marigayiya da ƙafarta ta karye na kai aka ɗaure.

A cikin wannan hali ne na so in ba ta littafin da na fi so duk cikin falon. Nawa ya tsufa, bangon ya rabu, shafuka suna zubowa. Na ga bai dace in miƙa mata tsumma ba, sai na sayo sabo fil. Ta karɓa, ta dawo da shi a ƙyallensa, ta ce ta gama da shi, muka sha hira a kan ƙarshen har mai gyaran agogo ya fara rufe ƙofarsa.

A gida, kafin in sa shi a kanta, na bi gefen shafukan da babban yatsa kamar yadda hannuna ya saba. Kusa da ƙarshe yatsan ya yi tsalle. Na duba. Wuƙar inji ba ta yanke wasu shafuka ba, suna nan manne ta sama kamar yadda aka naɗe takardar. Irin wannan na faruwa, na sha mayar da kaya saboda shi. Amma a cikin waɗannan shafuka manne ne ake tona ko wane ne mutumin. Ba wanda zai iya sanin ƙarshen bai sa wuƙa ya raba su ba. Ba a raba su ba.

Na sauko da sauran da na ara mata. Ba lanƙwasa, ba tabon yatsa, ba zare ko guda da aka manta a tsakani. Wata tsohuwar takardar kanti da na bari a cikin ɗaya tana nan a shafin da na bar ta. Ƙamshin man keke kawai suka kwaso.

In da wani ne, da ya tambaye ta washegari. Ni kuwa na karanta littattafai da yawa. Na san cewa ba a yin ƙarya a banza, kowace ƙarya tana rufe da wata wadda ta fi ta girma. Na fara lissafi. Gidan take so? Auta ce ta haɗa baki da ita don a lallaɓa tsoho? Ko kuwa ni ne abin dariyar layin, in na tafi ta kwaikwayi muryata ga masu kawo ɗinki?

Na koma zama a bencin jiran mota da ke tsallaken titi, jarida a hannu, ina kallon shagon. Abubuwa da yawa na gani. Da safe mai gyaran agogo yakan shigo da gilashinsa na ido ɗaya ya zura mata zare a allurai, ya jera a matashin. In mai ɗinki ta zo, ita take sa wa ta karanta lambar tef. In saƙo ya shigo wayarta ba ta dubawa, sai in na murya ne ta kara a kunne. Wani ya miƙo mata takardar wutar lantarki, ta juya ta sau biyu ta tura aljihun keke. Na haɗa waɗannan duka, ni da nake alfaharin gane mugu kafin rabin littafi, na fitar da hukunci: matar nan ba ta iya karatu ba sam, ta ɓoye, ta mai da ni rediyo. Mai gyaran agogon kuma na ajiye shi a gefe, ban gama da shi ba tukuna.

Na faɗa wa Auta.

"To, Baba, ka tambaye ta mana."

"Ba a tambayar wanda ake tuhuma. Shaida ake kawo masa."

"Baba, mutum ce fa."

"Su ma na cikin littafin mutane ne."

Ta ja numfashi irin na uwarta ta ce, "Allah ya kyauta."

Ina da wani littafi da na ajiye tun ina aiki. Mu muka buga shi, kuma masu ɗaurin littafi suka yi aika-aika a wasu kwafi: suka maimaita tsakiyar sau biyu, suka bar ƙarshen a ƙasa. Daga waje lafiya lau, kaurinsa daidai. Na riƙe ɗaya don in riƙa nuna wa sababbin ma'aikata. Shi na ɗauko.

Na ba ta labarinsa kamar kullum. Wani mutum ya zo ya kama hayar ɗaki a gidan wata mata da sunan da ba nasa ba. Shi ne direban da ya kaɗe mijinta a hanya ya gudu. Da farko ya zo ne ya ga irin ɓarnar da ya yi, da niyyar ya kwana biyu ya tafi. Sai ya gyara mata famfo. Sai ya gyara ƙofa. Sai ya zamana ya san yadda take son shayinta, kuma ba ya iya tafiya. Wata rana ɗan'uwan mijin ya zo da hoton motar. A nan na tsaya.

"Kai, Malam, wannan kam ka tsaya a mugun wuri," ta ce.

"Ki karanta."

Ta shafa bangon ta ajiye a gefen keken.

Ranar da na koma ita kaɗai ce a shagon, tana kafa hannun wata riga. Ta miƙo ƙunshin. "Na gama da shi. Kai ya ka ga ƙarshen?"

Ƙarshen gaskiya ba wani abin kirki ba ne. 'Yan sanda, guje-guje a kan rufi, mutumin ya faɗo. Na shirya in faɗi wani daban in ga ko za ta gyaɗa kai, amma ban tsara ko mene ne ba. Da na buɗe baki sai ya zo da kansa. Na ce matar ta karɓi hoton daga hannun ɗan'uwan mijinta ta ce ba ta san motar ba. Da ya tafi ta zuba shayi kofi biyu. Ta ce wa ɗan hayar tun satin farko ta san ko shi wane ne, don ba wanda yake kauce wa hoton mamaci a bango haka sai wanda ya san fuskar. Ya ce to me ya sa ba ta tona shi ba. Ta ce gidan ya yi shiru da yawa kafin ya zo. Suka sha shayin. Littafin ya ƙare ba a faɗi ko ya tafi ko ya zauna ba.

Keken ya daɗe da tsayawa. Tela ta karkata kai tana kallon bayan kunnena.

"Haka ya kamata," ta ce a hankali. "Wallahi haka ya kamata."

Daidai nan matar mai kantin magani ta shigo da leshi a hannu, irin mai duwatsun nan da ake riƙewa kamar jariri. Mace ce da in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai tasha. Na gan ta sarai. Ina da damar in yi shiru in dawo gobe. Amma na riga na ɗaga biro, kuma ban taɓa ganin kuskure na bar shi ya kwana ba.

Na kwance ƙyallen na buɗe littafin ta baya.

"Abin mamaki," na ce, "wannan kwafin ba shi da ƙarshe. Masu ɗauri sun manta da shi. Wanda na faɗa yanzu ni na ƙirƙira a kan bencin nan. A ina kika karanta naki?"

Ta zare hannun rigar daga ƙarƙashin allura.

"Ko wancan na kwanakin baya, mai shafuka manne? Ba komai. Ga shi, karanta mana layi ɗaya. Ko wanne kika ga dama."

"Malam," ta ce.

"Layi ɗaya, Tela. Ba jarrabawa ba ce."

Ta karɓa. Ta juya wajen hasken ƙofa, ta kawo shafin dab da fuskarta, ta kawar da shi gefe, ta bi shi da gefen ido kamar mai leƙen wani abu ta ƙarƙashin ƙofa. Leɓenta ya motsa. Ta kama kalma ɗaya, babba, ta kan babi, ta faɗe ta daidai. Sai ta rufe littafin ta ɗora a cinya.

"Tela," in ji matar mai kantin magani, "ba kya gani ne?"

"Tsakiyar abu ce ba na gani. Gefe-gefe ina gani." Muryarta ba ta rawa. "Tun bara. Likita ya ce ba na gilashi ba ne."

"Innalillahi! Kuma kike yanka?"

"Hannuna ya san hanya. Wace rigarki ce ta taɓa ɓaci?"

"A'a, ni ban ce ba. Sannu, Allah ya ba da lafiya." Ta dubi almakashin da ke kan teburi, ta dubi leshinta, ta gyara masa riƙo. "Bari in je in dawo, na bar kanti ba kowa."

Bayan ta fita, Tela ta lalubo hannun rigar ta mayar ƙarƙashin allura. Ta taka feda. Na tsaya da ƙyallen a hannu ina jiran ta ce wani abu, ko zagi ne. Da na ga ba za ta ce ba na fita, littafin ma na bar shi a can.

Da Auta ta kira na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci.

Daga bencin jiran mota na ga sauran. Ba wanda ya yi rigima. Mata suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, da fara'a, kowace da dalilinta. Wannan ta fasa tafiyar, waccan ta canza shawara a kan samfurin, wata za ta nuna wa 'yar'uwarta yadin ta dawo da shi. Kantar da take kaiwa rufi ta yi ta sauka har aka ga fentin bango. Mai gyaran agogo ya ci gaba da zura allurai da safe, ya daina amsa gaisuwata.

Sai da na ji ɗanta zai zo ya ɗauke ta na iya tsallaka titin. An kwance kan keken daga teburinsa an naɗe da bargo. Madubin yana jingine a waje. Tana zaune a benci, a wurina.

Na yi gyaran murya.

"Na ji ka tun daga tsallake," ta ce. "Ga rigarka can na sa maɓallin. Ka daina yanke su da reza, kana cin yadin."

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Duk kalmomin da na gyara a hanya suka watse, sai mafi muni a cikinsu ya fito.

"Da kin faɗa min. Me ya sa za ki ce kin karanta?"

"Yaushe na ce?"

"Kowane sati."

"Me nake cewa?"

Na ji muryarta a kaina, sati bayan sati, tana miƙo ƙunshi.

"Na gama da shi," ta ce. "Ban taɓa ce maka na gama shi ba. In na kai shi gida nakan ajiye a kan teburi ya kwana bakwai, in goge shi in naɗe. Na gama da shi ke nan. Na yi zaton kai da ake ce wa Jan Biro ka daɗe da jin wannan 'da' ɗin, kana rufa min asiri ne."

Kalma mai harafi biyu. Na kori yaran aiki a kan abin da bai kai ta ba.

"Na yi karatu, Malam. Kafin idon nan, littafi ba ya kwana biyu a hannuna. Da ka zo kana ba da labari sai na ga an dawo min da abina, har da ƙari, don kai kana masifa a tsakani."

"Zan iya karanta miki," na ce. "Da baki. Kullum in kina so. Akwai kujera a gidan, na gyara ta. Abin da nake nufi, Tela..."

"Na san abin da kake nufi. Tun kana kawo labule na sani." Ta gyara mayafinta. "Da ka tambaya a lokacin, da na faɗa maka maganar idon, don ba zan shiga gidan mutum da ɓoye-ɓoye ba. Jira nake ka gama gyara kalmominka."

"Yanzu fa?"

"Yanzu a gidan ɗana akwai rediyo."

Motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin titi. Ɗan nata ya sauko, ya gaishe ni da ladabin da ya nuna an ba shi labari, ya fara ɗora kaya. Ta miƙo mini littafin a naɗe, wannan karon ba ta ce komai a kansa ba.

"Ko in faɗa miki ƙarshen na gaskiya?" na ce. "Kafin ku tafi. Ba shi da tsawo."

"Bar min wanda ka ba ni. Ya fi duk na sauran." Ta miƙe tana laluben gefen ƙofa. "Ka ce ba ka ƙirƙira. Ashe ka iya, sai dai ka ga abin da ka yi da shi."

Ɗan ya kama hannunta ya sa ta gaba. Mai gyaran agogo ya fito ya miƙa mata matashin allurai, duk a zure.

Shagon yanzu wani ne yake sayar da kayan waya a ciki, da kiɗa tun safe. Kwanaki matar mai kantin magani ta tare ni a hanya ta ce, "Malam, ni ma a ara min irin littattafan nan da kake ba Tela, na ji an ce kai ne ka san masu daɗi." Na shiga gida na ɗauko mata wanda ba shi da ƙarshe.

Bayan kwana biyu ta dawo da shi. Ta ce ta gama shi tas, ƙarshen ne ma ya fi burge ta. Na karɓa na yi godiya.

Wandunan sun fara yi mini yawa kuma. Jiya na sami ƙusa na ƙara wa bel ɗina huda.